Ramukan da Aka Cike a Hanyar Doguwa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Bebeji, mu uku: ni, da yayana, da dillalin motar da za mu gwada. Ku da kuka saba karanta labaran tafiye-tafiyena a shafin nan kun san ni da surutun abinci da tsokanar direbobi. Wannan karon sai dai ku yi haƙuri da ni, don yau mako guda da dawowarmu amma raina bai koma daidai ba.

Bari in faɗi abin da ya fitar da mu. Yaya direba ne tun kafin a sa ni firamare. Da kaka, sana'arsa jan injin bugun masara: ya ɗaura shi a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa, ya bi gonaki da shi tun daga Kiru har ƙasar Doguwa. Da rani kuma ya yi dakon tumatir da albasa. To shekara biyu ke nan yana kuka da motar nan. Wai shan mai take kamar an huda tankin, ga mai ya zama abin da kowa ya sani. Bakanike uku suka buɗe ta suka rufe, ba ta daina ba. Da ya gaji sai ya yanke shawarar zai sayar da garkar Baba ya sayi wata.

Garkar nan ita ce filin noman rani da mahaifinmu ya samu bayan ruwan Tiga ya cinye ƙauyenmu. Ni ban ga ƙauyen ba, a sabon mazauni aka haife ni. Yaya ya gan shi. Yana ɗan shekara shida aka ɗora shi a kan ƙullin kaya a bayan babbar mota ranar tashi, kuma yakan ce tun ranar son mota ya shige shi, don kowa kuka yake, shi kuwa yana ta leƙen hannun direba. Da Baba ya rasu garkar ta faɗo a rabon Yaya, saboda haka ba ni da bakin hana shi. Mai saye zai zo da shaidu ranar Asabar, mu kuma ranar Alhamis muka fita. Abin da ya rage mini kawai shi ne, in dai za mu rasa garkar Baba, to kada mu rasa ta a kan motar banza.

Ni ne ɗan bokon gidan, sai na yi abin da na iya. Mako biyu na yi a Kano ina ƙwaƙular waya, wace mota ce ta fi jan kaya, wacce ce ba ta zuƙar mai, na cika takarda gaba da baya. Da na miƙa wa Yaya, ko buɗe ta bai yi ba. Ya ce, “Karanta min, Auta, ni ƙananan rubutu ba sa min daɗi.” Na karanta ina ta fankama. Motoci uku muka tsayar. Akwai wata jif mai fetur, kyakkyawa, amma ba inda za a loda buhu, sai dai ka zagaya gari ana kallon ka. Akwai wata doguwa mai ƙaton inji, wadda in ƙusa ɗaya ta ɓace sai an aika Legas. Ta ukun ita ce farar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, 'yar Kwatano, mai shan gas, mai ja da taya huɗu, da ƙugiyar ja mai ƙwari a baya. A kanta muka tsaya.

Sai dai Yaya bai yarda da takarda ba, yana da nasa gwajin da ya gada wurin ubangidansa. A ɗaura wa mota ainihin kayan da za ta riƙa ja. A cika tanki har baki, a girgiza motar mai ya zauna, a sake cikawa. Sannan a hau ainihin hanyar da za ta riƙa bi, a can a sake cikawa a ga abin da ta sha. Ya san abin da tsohuwar motarsa take sha daga Kwanar Dangora zuwa Doguwa kamar yadda ya san sunan 'ya'yansa. Shi ya sa muka fito da injin ɗaure a baya, an ƙara masa sarƙa, yana ta kwaramniya yana tashin mutanen unguwa.

Gari ya fara haske muka isa Kwanar Dangora. Manyan motoci jere a bakin titi, direbobi na wanke fuska da buta, masu ƙosai sun hura wuta. Muka sha shayi da burodi, kuma wallahi kuɗin da na biya, shekarun baya da shi sai in ci in ƙoshi har da ƙwai. A gidan mai aka yi bikin cika tanki. Ni da dillali muka dafa bodi muna jijjiga mota kamar masu lallashin jariri, mai ba da mai yana mana dariya. Dillalin nan mutum ne mai baki, ba ya gajiya. Ya ce, “Alhaji, wannan motar ba shan mai take ba, ƙanshinsa kawai take shaƙa.” Yaya ya ce, “Za mu ji a Doguwa.”

Muka karya kwana muka kama hanyar Tudun Wada. Yaya a sitiyari, ni a gefensa, dillali a baya. Gonaki hagu da dama sun yi kyau bana, dawa ta sunkuyar da kai, an fara yankan shinkafa a fadamu. Tun ba mu yi nisa ba na lura da zaman Yaya, ya matso da kujera, ƙirjinsa ya kusa taɓa sitiyari. Na ce ko baƙuntar mota ce. Ya sa giya uku, ya bar ta a nan. Titi a miƙe, ba kowa, inji na ta kuka, Yaya bai ƙara ba. Dillali ya yi haƙuri ya yi haƙuri, ya kasa. Ya ce, “Haba Alhaji, ba ta giya mana, ai roƙon ka take.” Yaya ya ce, “Kaya nake ja.” Ni kuma da rawar kaina na juya na wanke dillali tas, na ce mutumin da ya yi shekara talatin da ɗoriya a hanyar nan ba shi za a koya wa giya ba. Har yanzu in na tuna bakin da na yi sai kunya ta kama ni.

Akwai wani yanki kafin Tudun Wada da aka yi wa faci kwanan nan. Kana ganin tabon sabuwar kwalta baƙi ƙirin a inda ramuka suke a da, sumul, ko keke ba zai ji su ba. Muna zuwa na farko Yaya ya karkata sitiyari ya zagaye shi a hankali. Na biyu ma haka. Na yi dariya a raina, na ce tsoho yana gwada sitiyari. Ya zagaye na uku, ya zagaye na huɗu. Sai ga wani rami na gaske, sabo, baki buɗe a tsakiyar hannunmu, ina ganin sa tun daga nesa. Yaya ya nufe shi kai tsaye. Gwaram! Injin ya yi tsalle a baya, kan dillali ya daki rufi. Yaya ya yi tsaki ya ce, “Wannan babu shi bara.”

Tudun Wada garin shinkafa ne, tun kafin ka shiga ƙanshin turarar ta yake tarar ka. An shanya ta a tamfol har gefen kwalta, mata na juya ta da ƙafa, injinan casa na ta ruri. Muka tsaya Yaya ya duba sarƙa, da hannu ya bi ta, gaɓa-gaɓa. Muka ci shinkafa da wake da mai da yaji a wata rumfa. A garin da ake zubar da shinkafa a titi, ɗan abin da aka zuba mana ko yaro ba zai riƙe ba, na faɗa wa mai abincin, ta ce in je in tambayi masu saye su ɓoye. Muna cikin ci wani dattijo daga tsallaken titi ya yi ta ɗaga wa Yaya hannu. Yaya yana fuskantar sa, bai motsa ba. Sai da mutumin ya tsallako ya yi sallama Yaya ya zabura ya kama sunansa, suka gaisa har da tambayar iyali. Mutumin ya ce, “Direba, ina ta ɗago maka hannu, na ce ko laifi na yi.” Yaya ya ce hankalinsa na kan inji. Abincin nan ban iya ƙarasa shi ba.

Daga nan sai dajin Falgore. Duk wanda ya san hanyar ya san yadda mota take yin tsit in an shiga, kowa na addu'a a ciki saboda labaran da aka sha ji. Muka wuce shingen jami'an tsaro, suka leƙa injin suka ɗaga mana hannu. Dajin kore shar, bishiyoyi sun haɗe, birai zaune a kan duwatsu suna kallon mu kamar mu ne baƙin da ba a gayyata ba. Wani bafulatani ya tsallaka da shanunsa can gaba. Da a wata ranar ce, da na cika muku shafi da bayanin wurin nan. Ranar dai idona ba ya kan daji, yana kan fuskar Yaya.

Kun san al'adar hanya: in babbar mota ta lalace, sai a karyo rassan itace masu ganye a jera a kan titi tun daga nesa, don mai zuwa ya rage gudu. A wata gangara mai kwana na hango su. Tari na farko, na biyu, na uku, ganye ɗanye a kan baƙar kwalta. Na jira Yaya ya ɗaga ƙafa daga totur. Muka wuce na farko ta gefe. Bai ɗaga ba. Na biyu muka bi ta kansa, na ji rassan na karce cikin motar, a lokacin ya ce, “Mene ne wannan?” Na ƙwala ihu, “Yaya, birki!”

Ya taka. Injin da ke baya ya turo mu da dukkan nauyinsa, tayoyi suka yi ƙara, dillali na ta salati da ƙarfi. Muka tsaya. Tsakaninmu da bayan wata babbar mota maƙare da buhunan masara bai fi taku huɗu ba, ga ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashinta. Direban ne, yana kwance yana gyara. Ya jawo jiki ya fito, hannu duk baƙin mai, ya ƙare wa Yaya kallo. Da ya ga furfura sai ya sassauta murya ya ce, “Baba, ganye tun daga can sama, ba ka gani ba?” Yaya ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, “Birkinta na da kyau.”

Na ce, “Yaya, kawo in karɓe ka.” Ya ce gwaji ne, hannu ɗaya ya kamata ya kai ta. Ya kamata in nace, na sani, amma ban taɓa ɗaga murya a kan Yaya ba, kuma ba a gaban baƙo zan fara ba. Sai na koma yi masa hira irin ta wawaye. “Kai, ji wasu shanu can a hagu.” “Wannan ramin na dama ai ya isa rijiya.” “Ga mai babur nan tafe, ko ina za shi.” Yaya mutum ne da ba ya son a yi masa surutu yana tuƙi, tun muna yara ya sha dungure min kai a kan haka. Ranar bai ce in yi shiru ba, ko sau ɗaya. Wannan ne ya fi komai karya min zuciya.

Muka fita daji muka hau ƙasar Doguwa wajen sha ɗaya da rabi. Duwatsu sun kewaye ta, iskarta da sanyi-sanyi, masara jibge a ƙofar gidaje tana jiran inji. Mutane na ganin mu suka fara kiran Yaya, “Direba, an iso? Yaushe za a fara?” Yana ta cewa in Allah ya so. Muka shiga gidan mai, muka sake jijjiga mota, aka kafa bututu. Famfo ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya. Da ya tsaya na karanta wa Yaya lambar. Kaɗan ne ya raba ta da abin da tsohuwar take sha. Dillali ya yi tsalle ya dire, ya rantse da Allah ba laifin mota ba ne, wa ya taɓa jan kaya tun daga Kwanar Dangora a giya uku bai ƙone mai ba. Na zaci Yaya zai taso masa. Sai kawai ya biya kuɗin man ya koma mota.

Bayan azahar dillali ya tafi neman abinci, ni da Yaya muka zauna a gindin wani mangwaro a bayan masallaci. Na daɗe ina juya maganar kafin ta fito. Na ce, “Yaya, tun yaushe?”

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce, “Tun daminar bara waccan. Kamar an shafa wa gilashi koko. Idon dama ya fi tsanani.” Ya ci gaba da cewa, “Hanyar a kaina take, Auta. Na san kowane rami, na san kowace kwana. In na tafi a hankali ina kaiwa.”

Na ce, “To motar fa? Shekara biyu kana zagin ta.”

Ya ce, “Da farko da gaske na ɗauka ita ce. Daga baya kuma so na yi ya zama ita ce. Na ce in na samu mai faɗin gilashi da fitila mai haske, ƙila abin ya washe.”

A nan na dubi idon yayana da kyau, abin da rabona da yi har na manta. Wani fari-fari ya kwanta a tsakiyar na daman. Haushi ya kama ni, na kansa da ya ɓoye, da na kaina da ya fi yawa. Ina zuwa gida duk sallah, in ci tuwo in yi barkwanci in koma. Na yi mako biyu ina karatun injinan ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, amma mutumin da ya ce in karanta masa takarda ban tambaye shi dalili ba.

Da niyyar barin injin a gidan wani manomi muka zo, don Yaya ya dawo da sabuwar mota a fara aiki. Da dillali ya dawo ya kama kwance sarƙa, Yaya ya ce a bar ta, da injin za mu koma. Ya laluba aljihu ya miƙo min makulli, ya zagaya ya zauna a inda na zauna da safe.

Komawar ni na tuƙa. Yaya ya jingina, ya lumshe ido, yana tuƙin da kunne. “Ba ta huɗu.” Can kuma, “Ba ta biyar, ta nema.” Ko sau ɗaya bai kuskure ba, motar ta yi laushi, injin na bin mu lafiya lau. Muka wuce babbar motar nan a daji, har lokacin ba ta tashi ba, direban ya ɗago mana hannu na amsa a madadin mu biyu. Bayan Tudun Wada, da muka iso wurin facin, Yaya ya ce, “Yi hankali, akwai rami a dama.” Na ce an cike shi. Ya ce to. Jim kaɗan ya ce, “Ga wani nan gaba.” Na ce shi ma an cike. A na uku da ya faɗa, sai kawai na karkata sitiyari na zagaye kwalta mai sumul. Dillali yana gani ta baya.

La'asar sakaliya muka shiga gidan man da muka fara cikawa a Kwanar Dangora. Aka kafa bututu, kafin mu gyara tsayuwa famfo ya tsaya. Yaya bai jira na karanta masa ba, ya ji da kunnensa. Ya ce wa dillali, “Ko an cire sauƙin gangarar dawowa, motarka ba ta da laifi. Mota ce ta ƙwarai, duk wanda ya saya ya dace. Amma ni ba zan saya ba.” Na shirya jin ƙorafi, don mutumin ya ɓata yini guda kuma la'adarsa ta tafi. Sai ya kama hannun Yaya da hannu biyu ya ce, “Allah ya ba da lafiya, Alhaji. Allah ya sa kaffara ne.” Ashe tun a daji ya gane.

Kafin magariba muka iso gida. Aka kwance injin aka tura shi rumfa, dillali ya tafi da farar motarsa. Tsohuwar tana nan a gindin darbejiya inda muka bar ta. Yaya ya tsaya kusa da ita, ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya daɗe. Sannan ya ce in kira mai sayen garka in ba shi haƙuri, kada ya wahalar da shaidu.

Masu tambaya ta a saƙo wace mota ce ta fi dacewa da jan kaya da doguwar tafiya, ga abin da na samo. Ku nemi mai gas, mai ƙugiya ta asali, mai birkin da zai riƙe ku da abin da kuke ja. Kada ku saya sai kun ɗaura mata kayanku kun hau hanyarku. Kuma kafin ku ɗora wa tsohuwar laifi, ku ba wani ya tuƙa ta, ku zauna a gefe. Garkar Baba ta tsira, amma ban iya yin murna ba, don na san abin da aka bayar a madadinta. Likitan idon da muka je wurinsa a Kano ya ce na hagun za a iya yi masa aiki, na daman an makara, kuma maganar tuƙi a ajiye ta.

Ranar Litinin ɗin da za mu je asibitin a Kano, a tsohuwar muka tafi. Yaya ya fito da farar riga, ya nufi ƙofar direba kamar kullum, har ya kama mariƙin. Ya tsaya. Ya saki, ya bi ta gaban motar yana shafa ta, ya shiga ɗaya gefen. Na ba ta giyarta yadda ya kamata har muka shiga gari, allurar mai da ƙyar ta motsa. Muna tsayawa a ƙofar asibiti ya ce, “Auta, ta sha?”

Na ce, “Ba ta sha ba, Yaya.”

Ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa wajen taga.